Turmin Ƙirya Mai Karkataccen Baki

A tsakar gidan Yayarku a Zurmi akwai wani turmi da duk kun sani, mai baki a karkace kamar na wanda ciwon haƙori ya kama. Jikokina sun zo mini da labari wai faɗowa ya yi daga bayan mota, shi ya sa ya zama haka. Ƙarya ce. Babanku ne ya ƙago wannan zance a tashar Ƙaura, Allah ya jiƙansa, ya yi ta maimaitawa har shi kansa ya yarda. Turmin ƙirya in ya faɗo daga mota, hanya ce za ta ji ciwo. Ni na sassaƙa shi da hannuna. Tunda Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina har na iya riƙe alƙalami, zan rubuta muku yadda aka yi, wanda ya ji haushi ya zo ya same ni, ina nan ɗakina. Sunan Yayarku kuwa ba za ku gan shi a takardar nan ba. 'Yar fari ce, bakina bai taɓa faɗinsa ba, hannuna ma ba zai fara yau ba.

Mahaifina, wanda ake kira Nomau Masassaƙi, a Katuru ya yi rayuwarsa. Babu itacen dajin da bai sa wa gatari ba, amma ƙirya ce abokiyar kokawarsa. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba sai a gawayin maƙera. In aka sare ta, za ka ga bayan fari-fari, zuciyar kuwa ja wur, tana daɗewa tana duhu har ta koma kamar gasasshiyar hanta. Gara ba ta cin ta. In ka jefa guntunta a tafki, ƙasa yake nufa kai tsaye kamar dutse. Kafintocin Ƙaura ba sa son ganinta, don ƙusa lanƙwashewa take a jikinta, zarto kuma ya zubar da haƙora. Da ita ake turken doki, da ginshiƙin rumfa, da itatuwan da ake girkawa a bakin rijiya, waɗanda igiyar guga ke goga shekara da shekaru ta bar musu zane kawai. Amma darajarta ta gaske a turmi take. Turmin wani itacen yana shan ruwan hatsi, ya ruɓe daga gindi, ya tsage, ya riƙa zuba miki ɓurɓushin itace cikin gari. Na ƙirya kuwa daka santsi yake ƙara masa. Baba yana sassaƙa na sayarwa da wasu itatuwa, amma na ƙirya ba ya kai shi kasuwa. Duk 'yar da ta fito daga jininsa, ranar aurenta da turmin ƙirya na hannunsa take tafiya. Ni na tafi da nawa, ƙanwata Ige ta tafi da nata. Daga Shinkafi har Zurmi mata sun san wannan, kuma a kansa sunan tsohon ya tsaya. Ba shi da shanu, ba shi da rawani. Wannan sunan kawai gare shi.

Shekarar da aka sauya wa motoci hannun tuƙi, babanku, da yake direba ne, yana ta gunaguni wai an juya masa duniya, aka sa auren Yayarku da wani ɗan masu fataucin hatsi na Zurmi, yaron da ita kanta ta nuna. Aka ce sai bayan kaka. Ita ce jikar Baba ta farko da za ta yi aure. Damina na ja da baya ya shiga daji ya kayar da wata ƙirya da ya daɗe yana kiwo da ido, ya yanke gungumen, aka mirgino masa shi har gida. Ya fere bayan, ya fitar da ƙugu da gindi, saura ciki. Sai kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu lokaci guda ya kwantar da shi. Ɗa namiji ɗaya da Allah ya bar masa ya shiga soja tun lokacin yaƙi, bai ko san inda ake rataye gizago ba. Ige, da ke aure nan Katuru, ta aiko mini da saƙo ta bakin wani direba.

Babanku ya dawo daga tasha, na zuba masa tuwo na faɗa masa.

"To mi ya yi zahi?" in ji shi. "Ran Alhamis in shiga kasuwar Shinkahi in ɗauko turmi wanda ya hi kowane kyau, har da zanen wuta a jiki. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Baba zai sani. Matan Zurmi kuwa tun kafin a sauke shi za su sani."

"Kulu, turmi dai turmi na."

"Mota ma mota ta. Don mi ba ka sayi amalanke ba?"

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Washegari na ce zan tafi jinya, ya sa ni a gaban mota har Shinkafi, daga nan na hau jaki.

Na tarar da Baba kwance kan tabarma ƙarƙashin rumfa, an naɗe zaren kurkunun a tsinke kowace ƙafa, ya rame sai ido da gemu. Gungumen yana tsaye a tsakar gida, Ige ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna tana yayyafa masa ruwa kamar mai zazzaɓi. Ga dalilin: ƙirya tana ɗanya ake shiga cikinta. Lokacin nan tana da ruwa a jiki, ƙarfe yana kama ta ko da da ƙyar. In ta bushe, shi ke nan, gizago tsalle zai riƙa yi a kanta, har ka ga tartsatsi. Ruwan sama kuwa ya ɗauke, rana ta buɗe ido.

"Kin gan ta can," in ji Baba. "Kullum gari ya waye tana ƙara taurin kai. Irin halinki."

"A kira wani masassaƙi mana, Baba."

"A kira wa? In hannun wani ya shiga, turmin wani na. Gara in ce ma jikata ban iya ba."

Ya juya fuskarsa wajen zana. Tunda nake ban taɓa ganin ya juya wa magana baya ba, shi da ke bin mutum har ƙofar gidansa don ya ƙarasa gardama. Na dubi gungumen, na dubi bayan tsohon. Da hantsi na shiga ɗakinsa na sauko da gizago, da ƙaraminsa mai lanƙwasasshen baki wanda ake ƙwaƙule ciki da shi. Na ɗaure zanena a ƙugu, na yaye buhunan.

Ige ta saki ƙwaryar da ke hannunta.

"Yaya, kin haukace? Mace da gizago? Kuma turmin 'yar fari? Ke da ya kamata ko zancen auren aka ɗauko ki tashi ki bar wurin!"

"Rufe ƙofa, Ige, ki rufe bakinki tare."

Baba ya juyo.

"Aje mini ƙarhena. Mace in ta riƙa shi, bakinsa mutuwa yake."

"In ya mutu sai a binne shi da turmin rami ɗaya, a huta da zaman makoki biyu."

Na ɗaga na sara. Gizagon ya zame, ya ɗauke ɗan ɓawo kamar farce, hannuna ya yi zir har kafaɗa. Na sake ɗagawa. Tsohon ya yi ta kallona, gemunsa yana motsi, har ya kasa daurewa.

"Ke! Ba haka aka riƙo ba! Wanga riƙon muciya na. Sauko da hannun hagu. Kar ki yi faɗa da ita, bar nauyin ƙarhen shi faɗa da kansa."

Izinin da na samu ke nan, ban kuma nemi wani ba.

Na san daka tun ina yarinya, na ɗauka ƙarfin hannu gare ni. Ƙirya ta nuna mini ban san komai ba. Ana farawa daga tsakiya, a yi ɗan rami, a riƙa faɗaɗa shi, kowane sara ya fitar da abin da bai fi ɓawon gyaɗa ba. Jan garinta ya rina mini hannu kamar na sa lalle, ya shiga hanci na yi ta atishawa. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, Ige ta shafa man kaɗe ta naɗe da tsumma, na koma. Da rana ta take sai mu mayar da buhunan mu jiƙa, in wasa ƙarfe a dutse, in jira inuwa ta dawo. Baba daga kwance ba ya hango cikin turmin, don ya fi kansa tsawo, da kunne yake bi na. In sara ya yi masa daɗi ya yi shiru. In na kauce ya ce, "Kin ci gefe, koma tsakiya." Maƙwabta kuwa suna jin amon gizago ta bayan zana, suka fara ɗaga murya.

"Sannu Nomau! Ashe an samu lahiya?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi!" in ji shi daga tabarma.

Don kada su gane, ya shiga yi mini nishin masassaƙa. Ina sara, yana cewa "hah!" Wani lokaci in tsaya share gumi shi bai lura ba, sai ka ji "hah!" ita kaɗai babu sara. Ige ta riƙa toshe baki da gefen zane tana gudu bayan rumbu.

A nan ne aka yi kuskuren, kuma har yau ban yarda nawa ne ni kaɗai ba. Mace in za ta yi daka, wuri ɗaya take kafa ƙafa, ba ta motsawa sai ta gama. Haka na tsaya wa gungumen nan, gefe ɗaya, ta wajen inuwa, tun daga farko har ramin ya kai gwiwar hannuna. Masassaƙi kuwa ashe zagayawa yake yi, ya sara nan ya matsa, ya sara can ya matsa. Gefen da nake tsaye ƙotar gizago da bakin ƙarfe suka yi ta cin leɓen har ya sauka, ɗaya gefen yana nan da tsayinsa. Ranar da Baba ya ji dama-dama, muka kama shi ni da Ige muka tsayar, ya leƙa. Ya daɗe yana kallo.

"Kulu, kin zagaya shi kuwa?"

"Wa ya ce in zagaya?"

"Wa ke ce ma mutum shi zagaya? Ai kowa ya sani!"

"Kowa namiji."

Ya ce in rage dogon gefen su daidaita. Na gwada. Gefen nan shi ya fi shan rana, ya riga ya bushe, ƙarfen ya yi tsalle ya dawo da ɓalli a baki. Baba ya ce ga shi nan, dama ya faɗa, bakin ƙarfe ya mutu. Na ce ƙirya ta kashe shi ba ni ba. Ya karɓi ƙotar, ya ƙwanƙwasa jikin turmin daga sama har ƙasa, ya kara kunne yana saurare kamar mai jin gulma. Amon ya fito ɗaya ko'ina, babu inda ya yi kaurin banza, babu inda ya yi sirantaka.

"Cikin ya yi," in ji shi. "Bakin kuwa sai addu'a."

Muka goge shi da tsakuwa da yashi, muka shafe shi da man gyaɗa ciki da waje, muka kai shi cikin ɗaki ya bushe a hankali, don in rana ta busar da shi da gaggawa tsagewa zai yi. Sannan Baba ya yanke hukunci. Ya ce a ce shi ya yi. Tsoho ne mai ciwo, za a yi masa uzuri, ni kuwa in aka ji, na ja wa kaina da mijina abin faɗa har mutuwa. Ya faɗi haka yana kallon leɓen turmin, na ga abin da maganar ta ci masa. Na ce to.

Da babanku ya zo ɗauka, ƙarti suka taru suka ɗora shi a mota suna nishi. Ya dubi turmin, ya buɗe baki, ya tuna surukinsa na zaune, ya rufe. Ya dubi hannuwana. Muka kama hanyar Ƙaura. Sai da muka shiga gida ya ce:

"Ban gani ba, ban ji ba. Ke ma ba ki yi ba. Don girman Allah, Kulu, ina da abokai a tasha."

Ranar ɗaukar amarya, da la'asar, matan Zurmi suka cika gidan da guɗa. An baje kayan ɗaki a tsakar gida don dangin ango su gani kafin a loda. Ni kuwa ina ƙuryar ɗaki, kamar yadda uwar 'yar fari ke yi, kamar ba a gidana ake bikin ba. Ige ce uwa a ranar. Shugabar tawagar wata gwaggon ango ce mai suna Tumba, mai sayar da daddawa a kasuwar Zurmi, mace mai murya kamar a bakin rijiya take magana. Ta bango nake jin ta tana ɗaga tasoshi tana ajiyewa.

"Ina turmin Nomau da aka cika muna kunne da shi?"

Aka nuna mata. Ta matsa kusa ta leƙa shi.

"Wanga? La'ilaha illallahu! Ku zo ku gani, jama'a. Ashe tsuhwa ba ta barin kowa. Hannun Nomau ya mutu!"

"Ciwo ya yi, Gwaggo," in ji Ige.

"A ƙahwa aka ce muna ciwon yake, ba a ido ba. Wanga ko a duhu aka sassaƙa shi ai sai haka. Bari in koma, ran kasuwa ina da labari."

Mata suka kwashe da dariya. Na san Tumba. Abin da ta faɗa a bakin tiren daddawarta, kafin la'asar ya kai Shinkafi. Tsohon da ya yi shekarunsa duka yana gina suna ɗaya, za a rushe masa shi a kan aikin da bai yi ba, yana kwance ba ya ko iya zuwa ya kare kansa. Na tuna na ce masa to. Na tuna abokan tasha. Na yafa mayafi a karkace na fito.

"Tumba, hannun Nomau na nan da ransa. Ni na sassaƙa shi."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke wa?"

"Uwar amarya."

Wata tsohuwa ta ce "Subhanallahi" har goro ya faɗo mata daga baki.

"Uwar amarya a tsakar gida? Ba ta fari ba ce?"

"Ta fari ce. Kunyar na aje ta ɗaki, in na gama da ke in koma in ɗauka."

Na buɗe mata tafin hannuwana ta gani. Na ɗebo gero na zuba a turmin, na yayyafa ruwa, na miƙa mata taɓarya.

"Surfa. In kin ji amon fasasshe, ko ya yi rawa a ƙasa, ko kin ga ɓurɓushin itace a dusa, ki bar shi nan, a sayo mata na kasuwa. In ba ki gani ba, ki cire sunan ubana daga bakinki."

Tumba ba matsoraciya ba ce, wannan na ba ta. Ta tuɓe gyale, ta tofa yawu a hannu, ta ɗaga taɓarya ta sake da duk ƙarfinta, da nufin ta tsaga shi. Amon ya tashi dim, mai zurfi, har na ji shi a tafin ƙafata. Turmin ko gezau. Ta ƙara, ta ƙara, har ta shiga waƙar daka ba ta sani ba, wasu 'yan mata suka kama tafi. Da ta gaji ta sa hannu ta ɗebo, ta murza a tafi, ta kai kusa da ido tana neman abin faɗa. Ba ta samu ba.

"Muni kam, ya yi muni," in ji ta tana haki. "Ban taɓa ganin mummunan turmi irin wanga ba. Ku ɗora shi a mota, ku sa mai tsumma kar shi ƙuje. Ke kuma koma ɗaki, kin ba mu kunya."

Da na juya na hangi amarya a ƙofar ɗakin ƙawayenta, lulluɓe, kafaɗunta suna girgiza. Na ɗauka kuka take. Ige ta ce mini daga baya dariya ce.

Abin bai tafi a banza ba, kada ku zata. Kafin motar ta dawo daga Zurmi labari ya riga ta isa tasha. Aka laƙaba wa babanku mijin masassaƙiya, direbobi suna tare shi suna cewa a taimaka a yi musu kujerar tsugunno. Ya daɗe yana cin abinci a waje, in ya shigo gaisuwa kawai. Matan unguwa suka daina kirana jeren ɗakin 'ya'yansu, wai ba ni da ta ido, har sai da wani abin faɗan ya zo ya ture nawa. Kafaɗata ta dama kuwa har yau ita ke fara gaya mini hadari ya haɗu.

Da hayaniya ta lafa na tafi Katuru. Na tarar Baba ya miƙe, yana dogara sanda, labari ya riga ni. Ban gama durƙusawa ba ya fara.

"Wa ya aike ki? Ba mun gama magana ba?"

"Sunanka suke ci, Baba."

"Sunana! Da kin yi shiru, Tumba ta gama dariyarta, kahin damina masassaƙan Shinkahi duk sun koma karkata bakin turmi, su ce sabon yayin Nomau na. Kin tauye ni, Kulu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Ige ta kawo ruwa. Da ya sha ya goge gemu, ya mayar da sandar hannun hagu, ya miƙo mini na dama, irin yadda yake miƙa wa masassaƙa 'yan'uwansa in sun haɗu a kasuwa. Ban taɓa ganin ya yi wa mace haka ba. Na tashi na kama. Ya matse, ya bi kantar tafina da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu da aiki," in ji shi.

"Yawwa," na ce. "Sannu kadai."